Ranar Da Na Sa Aka Kwance Ɗori

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da safiyar da na haye buzun Malam Bukar ba. Lokacin ina ɗaukar karatun fiƙihu a zaurensa, can wajen Ƙofar Ɗan Agundi, da gemuna da furfurata. Littafina matani ne zalla, ɗan siriri mai shiga aljihu. Masu zuwa da sharhi kuwa, wato manyan littattafan da malamai suka warware matanin a ciki, ni ne shugaban masu yi musu dariya. "Ku ɗalibai ne ko 'yan dako?" haka nake ce musu. (Gaskiyar magana, ƙananan rubutun cikinsu ne ke ba ni tsoro, amma wa zan gaya wa?)

Ranar Malam ya tafi jana'iza, ya ce in kula da zaure tunda ni ne babba. Kula kawai ya ce, ni kuwa na gyara rawani na zauna a kan buzunsa.

Sai ga Isa baduku, hannunsa na dama ɗaure da karan ɗori, kwana huɗu da faɗowa daga babur. Ya ce, "Baba, ya zan yi da alwala?"

Na buɗe ɗan littafina, na yi gyaran murya. "Ga shi ƙarara: a wanke hannaye har gwiwa. Ban ga inda aka cire mai karaya ba."

"Mai ɗori fa ya ce in na taɓa, ƙashin zai goce. Da hannun nan nake ci da iyalina."

"Mai ɗori ne zai tsaya maka gobe kiyama?"

Bawan Allah ya zauna a dakali, ya sa haƙori yana kwance tsumman, gumi na keto masa. Ya zare kara biyu ke nan Malam ya shigo.

"Kai, Isa! Tsaya!" Ya riƙe hannun da kansa, ya aika a kira mai ɗori. Ni ko harara bai yi mini ba. Ya ɗauko sharhi, ya buɗe, ya ɗora mini a cinya. "Alhaji, karanta mana nan. Da ƙarfi."

Na karanta ina in'ina, yana fassarawa: wanda aka yi wa ɗori, shafa zai yi a kan ɗaurin, alwalarsa ta yi. Daga baya wani cikin waɗanda nake wa dariya ya ce, "Baba, a taya ka riƙewa? Da nauyi fa."

Sai da aka sake ɗorin, Isa ya ƙara makonni bai taɓa fata ba. Har gida na bi shi, na durƙusa, ya yafe. Ni dai har yau in na ga hannunsa sai in tuna ranar nan.

Yanzu a buhu nake ɗauko sharhina, da tabarau biyu. A unguwa suna kira na Sarkin 'Yan Dako. Su kira! Na yi kuskure, na amsa, amma ba zan bar karatu don dariyar kowa ba, kuma ba zan rage ko littafi ɗaya daga buhun ba. Wanda ya tambaye ni yanzu, ko hukuncin atishawa ne, sai na ce, "Dakata in duba." In yana sauri, ga hanya nan. Buzun Malam kuwa, ko kaɗewa aka ce in yi, a tsaye nake yi.