Ranar da Na Ƙirga Angurya

Shekarar babban fari, buro, wato ofishinmu, ya tura ni Cadakori in binciki hatsin agaji. Ni kuwa ina taƙama da natsuwa, in ina ƙirga ko ƙuda ba na korewa. Baba Idi mai tsaron ɗakin ajiya ya ce, "Malam, ai buhunan nan..."

"Baba, kada ka rikita ni."

Sau uku ina katse shi. Na rubuta gero ya wadata, kada a ƙaro wa mutanen garin.

Sai da na gama ya kwance bakin buhu ɗaya. Angurya ce ta shanun makiyaya. Ɗakin geron yana baya, wayam.

Nan take na yage takardar. Har yau in na je, matarsa takan ce, "Malam, tuwo za a kawo, ko anguryar taka?"