Ɗakin Bayan Fagam da Iskar Gabas

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na buɗe ɗakina na gona ba, kuma ko na so in manta akwai mutum goma sha ɗaya da suka ɗauki nauyin tuna mini. Amma kafin in tona asirin kaina, a bar ni in faɗi abu ɗaya da babbar murya: ni na gina ɗakin nan, babu wanda ya ɗora mini bulo ko guda.

Ni malamin zanen gini ne a wata sakandare a Birnin Kudu. Shekara goma sha tara ina koya wa yara yadda ake zana gida a takarda, inda ƙofa za ta zauna, inda taga za ta kalla, amma ban taɓa riƙe cokalin magini ba. Da aka raba mana gadon mahaifinmu sai rabona ya faɗa kan wata gona can gaba da Fagam, a gindin duwatsu, inda mota ba ta ƙarasawa. Babu wutar lantarki, babu famfo, waya ma sai ka hau kan dutse ka ɗaga ta sama kamar mai neman jinjirin wata. 'Yan'uwana suka ce in sayar in huta. A ofishin malamai kuwa, da na ce ɗaki zan gina a wurin da hannuna, wani abokin aikina ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Wannan dariyar ce ta gina ɗakin, in gaya muku gaskiya.

Matata Hadiza ba ta yi dariya ba, amma abin da ta faɗa ya fi dariyar ciwo.

“Malam, ga Baba nan a Gwaram, tun yana saurayi yake gini. Ka je ka gaishe shi mana, ko shawara ce ya ba ka.”

Baba shi ne mahaifinta, Alhaji Sale, tsohon magini. Rabin sorayen unguwarsu aikin hannunsa ne. Na ce mata, “Baba ginin tubali ya sani, na idon gani da ƙiyasi. Ni da awo nake aiki.” (Allah ya yafe mini wannan maganar, don iska dai ba ta yafe ba.)

Haka na fara. Duk Juma'a da yamma in hau mota, in sauka in hau babur, in ƙarasa da ƙafa. Hutun makaranta kuwa can nake tarewa gaba ɗaya. Motar a-kori-kura tana zube mini siminti a ƙarshen hanya, daga nan sai amalanken shanun maƙwabcina Malam Buba ya ƙarasa da shi. Malam Buba makiyayi ne kuma manomi, rugarsa ce kaɗai kusa da ni, kuma daga rijiyarsa nake turo ruwa a baro. Ni na buga bulo, ni na haƙa tushe, ni na kwaɓa. Bangon farko da na tayar ya fito a tanƙware kamar baka, na rushe shi tun kafin kowa ya gani (shanu sun gani, amma ba su da bakin faɗa). Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta, har alli ya koma yi mini kamar tsinke a aji. Ban fasa ba.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ɗaki ya tsaya. Ɗaki ɗaya ne mai faɗi, da 'yar rumfa a gaba. Na yi daɓen siminti, na haɗa gadon katako da benci da kantar littattafai. Na ɗora farantin sola biyu a kan rufi, na ajiye batir a ƙarƙashin taga, na ja waya zuwa ƙwan fitila uku da fanka ɗaya. Na kafa indararo ya riƙa zuba ruwan sama a tanki, na haƙa salga a baya, na gina murhu, na binne randa a inuwa. Ranar da na danna makunni fankar ta juya a tsakiyar dajin nan, na zauna a ƙasa ina kallonta kamar ban taɓa ganin fanka ba.

Abu biyu ne kawai Malam Buba ya taɓa yi mini magana a kansu. Ran nan ya tsaya da sandarsa a kafaɗa yana kallon ginin.

“Malam, ƙofar nan da tagar duk gabas suke kallo.”

Na ce, “Da gangan ne. Ina son hantsi ya same ni a kan gado.”

Ya ce, “To. Mu dai a nan daga gabas babban baƙonmu yake zuwa.”

Na ɗauka danginsa na wajen Basirka yake nufi, har na ce Allah ya kawo su lafiya. Sannan ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya tambaya ko na ɗaure katakon da bango. Na ce na buga ƙusa, kuma na lissafa nauyin kwano da na sola, babu abin da zai motsa shi. Ya ce, “Ai kai ne mai ilimin,” ya bi shanunsa.

Da na gama sai na shirya walima. Ba don godiya kaɗai ba, kada in yi ƙarya: so nake a zo a gani, musamman mai dariyar nan da kuma Baba. Na sa rana wata Asabar a farkon damina, an yi yayyafi sau biyu, ƙasa ta fara ƙamshi. Abokan aikina bakwai suka zo, ga Malam Buba, ga Hadiza, ga Baba, har da Inna mahaifiyar Hadiza, wadda ta daure wa babur da ciwon gwiwarta don ta ga ɗakin surukinta. Hadiza ta yi dambu, gidan Malam Buba suka aiko da fura da nono. Ni kuma na sha sabuwar shadda fara ina zagayawa da mutane, ina kunna fitila ina kashewa da rana tsaka.

Baba kuwa ya miƙe. Ya zaga ɗakin sau biyu yana ƙwanƙwasa bango da sandarsa. Ya tsaya a ƙofa ya dubi gabas, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rufin. Sai ya ce, “Allah ya sanya alheri, Malam.” Na sunkuyar da kai na ce amin, a raina ina cewa tsoho ya rasa abin kushewa.

Muna idar da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin a naɗe tabarmi iska ta iso, ta kwashi faifan dambu ta yi gaba da shi. Na ce kowa ya shigo ciki, da murya irin ta mai gida. Muka cunkushe, mu goma sha biyu. Inna da Hadiza suka zauna a bakin gado, Baba a kan kujera ɗaya tilo, sauran a tsaye.

Nan na gane baƙon da Malam Buba yake nufi. Ruwa ya riƙa shigowa ta taga a kwance, kai tsaye kan batir. Ban yi wata-wata ba na tuɓe rigata na lulluɓe shi, na saura daga ni sai singileti da wando, a gaban surukaina. Na ce a raina lalura ce. Sai ƙofa ta fara bugawa kamar za ta ɓalle, a lokacin na tuna kwaɗo kawai na sa mata ta waje, ban taɓa sa sakata ta ciki ba (wa zan kulle wa ƙofa a dajin da babu kowa?). Na nemi igiya, igiya tana can bakin tanki. Na juya wa mutane baya, na zare zariyar wandona a hankali, na ɗaure hannun ƙofar da wata ƙusa da ke jikin bango. Ƙofa ta tsaya. Na riƙe wando da hannun hagu kamar mai ciwon ciki, ina jin kaina gwanin dabara.

Sai rufin ya yi numfashi. Haka kawai zan iya kwatanta shi: ya ɗaga, haske ya shigo ta tsakanin kwano da bango, ya koma ya zauna. Ya sake ɗagawa, ƙusoshina suna kuka ɗaya bayan ɗaya.

Baba ya ce, a natse, “Malam, ƙyale shi. Kowa ya matso jikin bangon yamma.”

In ƙyale shi? Shekara guda da 'yan watanni, da sola biyu a kai, da mai dariya yana tsaye yana kallo? Na haye benci na kama katakon tsakiya da hannun dama na rataya nauyina. Iska ta ja, na ji ƙafafuna suna neman barin benci. Hannu ɗaya ba zai iya ba. A wannan ɗan lokacin na san sarai abin da ke hannun haguna, na kuma san wa ke zaune a bakin gado daidai saitina. Ba mantuwa na yi ba, zaɓi na yi. Na saki wando na kama rufi.

Shadda sabuwa ba ta da tausayi, santsi gare ta. Ta sulale ta taru a idon sawuna ba tare da ko sallama ba.

Da a ce gajeren wandon da ke ciki na kasuwa ne, da abin ya zo da sauƙi. Amma Hadiza mace ce mai tattali, ba ta zubar da ƙyalle. Ɗinkin gida ne, na atamfa shuɗiya mai manyan furanni ruwan ɗorawa. Kuma ita wannan atamfar, ita ce a jikin Inna a ranar, zane da riga da ɗankwali. Ragowar ɗinkinta ne. Na tsaya a kan benci, hannuwa a sama, cikin anko da surukata.

Inna ta dubi zanenta, ta dube ni, ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga cikin mayafin na ji ta ce, “Hadiza, ba cewa kika yi ɗankwali za ki yi wa jikata da ragowar ba?”

Rufin kuwa bai ko duba sadaukarwar da na yi ba. Ya fizge daga hannuna, ya tashi gaba ɗayansa da sola da indararo, ya je ya kwanta a garken Malam Buba (Allah ya taimaka shanun ba su dawo daga kiwo ba). Na faɗo daga benci na zauna daɓas, ruwa yana zuba a kanmu kamar da bakin ƙwarya. Babu wanda ya ji ciwo. Mai dariya ya yi ta maza ya riƙe dariyarsa har aka fita, amma na ji lokacin da ta ƙwace masa a bayan salga.

A rugar Malam Buba muka fake, shi ya ba ni igiyar ɗaure maraƙi na yi zariya. Har aka tafi ban iya haɗa ido da kowa ba. Hadiza ta ce in zo mu koma gida tare. Na ce ba inda za ni, a nan zan zauna in tsince kwanona. Ta ce, “Wannan taurin kan naka ne ya kai mu nan.” Na ce shi ne kuma zai mayar da rufin.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, ina miƙar da kwano da guduma, sai ga babur ya sauke Baba, da naɗin waya mai kauri a hannunsa. Na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa. Bai ɗago zancen wando ba, har yau kuma bai taɓa ba. Ya sake ƙwanƙwasa bangon da sanda.

“Iskar da ta ɗauke kan nan ba ƙarama ba ce, amma ko tsagewa bangonka bai yi ba. Hannunka yana da kyau, Malam. Kunnenka ne ba ya aiki.”

Na ce, “Baba, ni zan gyara da kaina.”

Ya ce, “Da wa zai gyara maka? Ni zama na zo yi.”

Ya zauna a inuwar ɗorawa, bai taɓa ko ƙusa ba. In na tambaya ya faɗa, in ban tambaya ba ya yi shiru, sai na koyi tambaya. Na huda bango layi uku daga sama, na zura waya na ɗaure kowane katako da jikin gini. Na toshe ƙofar gabas na fasa sabuwa ta kudu. Sola ɗaya ta tsira, na sauko da ita ƙasa na yi mata gindin ƙarfe. Tagar dai na ƙi tashinta, marfin katako kawai na yi mata. Baba ya ce in mayar da ita arewa, na ce hantsina nake so. Ya girgiza kai ya ce, “Ɗakinka ne.”

Damina uku ke nan rufin bai motsa ba. A makaranta sunana ya koma Ɗan Anko, har masinja ya sani, kuma ina amsawa, don duk cikinsu babu mai ɗakin da zai nuna ya ce shi ya gina. Gidan surukai ne dai har yanzu nake gaida Inna daga bayan labule.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba. Tambayar tsoho ba ta rage wa mutum komai daga aikin hannunsa. Sannan duk wanda ya yi niyyar ɗaga hannu biyu ya riƙe na sama, to ya fara tabbatar da cewa na ƙasa a ɗaure yake.