Matsarmamar Alhaji Tozo

Duk wanda ya zo Agadas bai ga dogon masallaci ba, bai zo ba. Wanda ya ga masallacin kuma bai ga Alhaji Illiya na unguwar Dagmanet ba, rabin gari ya gani, kuma ƙaramin rabin. Allah Ya yi wa bawan nan baiwa. Ya ba shi rawani hawa-hawa, Ya ba shi murya wadda ba ta buƙatar mikro amma ba ta taɓa ƙin sa ba, Ya ba shi tumbi mai ladabi wanda kan riga shi shiga zaure ya yi sallama a madadinsa. Shi ne shugaban sandika, wato ƙungiyar masu manyan motocin da ke kai kaya Dirku. A gabansa ana ce masa Mushe Parzida, wato mai girma shugaba da Faransanci. A bayansa kuwa, inda gaskiya ta fi samun wurin zama, sunansa Alhaji Tozo.

Sunan nan ba a banza ya same shi ba. A duk bikin da aka yanka raƙumi, tozon gaban Alhaji ake fara ajiyewa. In meshwi ne, wato ragon da aka gasa ɗungurungum, ba mai miƙa hannu sai shugaba ya zura nasa ya ciro kitsen ƙoda ya kai baki ya lumshe ido. Daga nan sauran bayin Allah su ce bismilla. Mutane sun ɗauka kwaɗayi ne. Ba su fahimci shugabanci ba. Alhaji sadaukar da kansa yake yi, yana tare wa talakawa maiƙo kada ya cuce su.

Babbar hidimar da ya yi wa sandika ita ce dokar rakiya. Tun hawansa ya kafa ta: in shugaba ya miƙe, kowa ya miƙe, in ya taka, a bi shi har inda za shi. "Babba ba ya tahiya bayansa ba kowa," in ji shi. "Wanda ya tashi shi kaɗai, ai ba tashi ya yi ba, korar shi aka yi." Don haka ko gyaran rawani zai je yi, sai ka ga dattawa masu jikoki sun ajiye finjalin shayi sun bi shi zugui-zugui, Sule maroƙinsa na gaba yana sanar da duniya cewa giwa ta motsa.

To, ana nan, wata ranar biki bayan azahar, kitsen shekaru ya zo karɓar amsa. Wani ciwo ya soki Alhaji ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya haura har kafaɗa, ya naɗe shi a kan darduma. Da farko ya ce bakin mutane ne. Aka yi rubutu aka sha. Ya ce aikin maƙiya ne. Aka yi hayaƙi har kaji suka bar gidan. Da idonsa ya fara yin rawaya, matarsa Hajiya Suwaiba ta daina neman izini, ta sa aka saka shi a mota. Hoton ciki ya nuna maƙiyan ƙarara: matsarmama ce cike da tsakuwa. Aka wuce da shi Yamai.

Lokotoron da ya karɓe shi mutum ne marar sanin darajar manya, don bayani ya yi masa kamar yadda ake yi wa kowa.

"Alhaji, kada ka damu. Matsarmama ba ita ke aikin ba. Hanta ce ke yin ruwan ɗacin da ke narkar da maiƙo, ita ajiya kawai take yi. In ta cika da tsakuwa ta fara hana mutum sakat, sai a cire ta. Jiki ya ci gaba da harkarsa kamar ba a yi ba."

Alhaji ya gyara kwanciya, ya dube shi sama da ƙasa.

"Lokotoro, kai yaro ne. A jikin wani, wataƙila. A jikina ni, babu abin da ba shi da muƙami."

Aka dai cire mai muƙamin. An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Na Alhaji ba a sha wahala ba. Abin da ya ɓata masa rai da ya farfaɗo shi ne ƙanƙantar aikin. Ya sa ran tsaga daga ƙirji har mara, irin wadda za a nuna wa jikoki. Sai ya tarar da ƴan ƙananan huji, kowanne filasta ɗaya ta rufe shi. Sai da aka miƙo masa tsakuwoyinsa a ƴar kwalba sannan ransa ya yi sanyi. Ya girgiza su, suka yi kacau-kacau, ya yi murmushi.

Kafin sallama lokotoro ya kira Hajiya Suwaiba ya faɗa a gabanta. Abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Kunu, shinkafa, dafaffen kayan lambu, kifi ko kaza ba fata. Tafiya a hankali, ban da ɗaukar nauyi. Maiƙo kuwa a yi nesa da shi tukuna, a dawo masa sannu a hankali in jiki ya saba, domin yanzu babu ma'ajiyar da za ta tari kitse mai yawa a lokaci guda. Wanda ya yi gaggawa, cikinsa zai nuna masa hanya. Hajiya ta riƙe kowace kalma. Alhaji yana kallon kwalbarsa.

Dawowarsa Agadas, sai gari ya kwararo dubiya. Ka san mu: ba a zuwa gaishe da babba hannu rabbana, kuma ba a kawo wa babba abinci marar mai, don zagi ne. Kwanuka suka yi layi a tsakar gida. Farfesun kan rago yana ninƙaya cikin man shanu, soyayyen nama, cuku, taliya da mai har yana ƙyalli. Tsofaffin mata suna cewa ya ci ya ƙara, maiƙo ne ke haɗa rauni. Alhaji ya hana a faɗa wa kowa maganar lokotoro. Yana kishingiɗe cikin matasai, kwalba a gefensa, yana karɓar gaisuwa yana ba da tarihi.

"Lokotoro bakwai suka taru a kaina. Babbansu ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa ganin ciki mai tsari irin nawa ba. Ku duba nan. Mutane na tahiya Jado suna haƙar dutsen zinariya, rana na dukansu. Ni a kwance na yi nawa."

Sai a zagaya da kwalba hannu zuwa hannu, kowa ya ce masha Allah, ya goge tafinsa a riga a ɓoye. Kowace rana lokotoron na ƙaruwa, tsakuwoyin da aka ce an bari a Yamai don nazari su ma suna ƙara girma.

Da baƙi sun watse, Hajiya ta aika da kwanukan maƙwabta, ta rufe ƙofa, ta kawo masa kunun gero da dafaffen karoti da kabewa na lambunan Ayar. Shugaban sandika guda ya zauna yana tauna karoti kamar zomo, yana kasa kunne kada wani ya yi sallama. Ni kaina da na ji wannan sai da ya ba ni tausayi, na ɗan lokaci. Ya ci gaba da warkewa sumul. Ya ce ƙarfin jininsa ne.

Amma akwai abin da ya hana shi sakewa. Duk tsawon jinyar nan motoci ba su fasa tafiya Dirku ba. An yi lodi, an tashi, an dawo. Har wasu marasa kunya na cewa an fi tashi da wuri, tun da ba a tsayawa sauraron jawabin ban kwana. Mataimakinsa Alkasum, wani siriri mai murmushin da ba ya kai ido, shi ke riƙe da biro, wato ofishin sandika, kuma kujerar ta fara yi masa daidai. Ga zaɓen sandika ya matso. Alkasum bai taɓa zagin shugaba ba, Allah Ya sani. Addu'a kawai yake yi masa a kowace majalisa: "Allah Ya ba Parzida lafiya. An ce an rage shi. An ce ko ƙamshin tozo ba shi iya ji yanzu. Mutum ba cikakke ba, ga nauyin jama'a, kai, abin tausai."

Maganar ta iso Dagmanet kafin shayi ya huce. Alhaji ya ce a shirya walimar godiya, a yi ta ranar zaɓe, a ƙofar gidansa, a yanka raƙumi, a gasa raguna. Zai ci tozo a gaban kowa, sannan a kaɗa ƙuri'a a ga wanda aka rage.

Hajiya Suwaiba ta ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah ka ji tsoron cikinka. Raunin ma bai gama bushewa ba. Ka ɗan taɓa tsoka ka bar musu kitsen, wa zai ce maka wani abu?"

"Ke mi kika sani ga sha'anin mulki? In na bar tozo yau, gobe kujera zan bari."

Ta ce to. Ta juya ta sa aka cika butoci da ruwa, aka jera su a bayan gida.

Ranar walima Dagmanet ta cika ta batse. An kafa rumfuna, an shimfiɗa dardumai, makaɗa sun ɗaure ganguna. Alhaji ya fito cikin shadda mai amon takarda, rawani ya ƙara hawa ɗaya. Aka ajiye masa tozo a faranti, yana ƙyalli yana rawa. Ya naɗe hannun riga, ya dubi Alkasum, ya yanko ya kai baki. Ya sake. Ya zura hannu cikin meshwi ya ciro kitsen ƙoda ya bi da shi. Ya kora da romo mai man shanu. Sule maroƙi ya kusa tsage maƙogwaro: "Giwa ta warke! Mai ciki rumbun Ayar! An huda ka ba a rage ka ba!" Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida, ban da mace ɗaya.

Aka sha shayin farko, aka sha na biyu. Sannan shugaba ya karɓi mikro, a zaune, kamar yadda ya saba.

"Ƴan'uwa, mambobin biro, jama'ar Agadas. Wasu sun ce an cire mini wani abu. E, an cire. Amma ku tambaye su, in aka ɗebi guga ɗaya a rijiya..."

A nan cikinsa ya nemi izinin magana. Wani ƙugi ya taso daga ƙasa, irin na babbar mota in ta kafe a rairayi. Na kusa suka dubi sama ko hadari ne. Alhaji ya yi gyaran murya ya ci gaba.

"...in aka ɗebi guga ɗaya, rijiya ta kan ƙahe? Ni ne sandika, sandika ce..."

Zufa ta keto daga ƙarƙashin rawani. Ya matse. Ya karanto abin da ya sawwaƙa. Ya gane cewa akwai majalisar da ba ta karɓar uzuri. Ya ajiye mikro a hankali, ya miƙe.

Jama'a duka suka miƙe.

Doka ai doka ce. Ya yi musu alama da hannu su zauna, suka ɗauka gaisuwa ce, suka ɗaga nasu. Ya taka, suka taka. Alkasum, mai biyayya, shi ya fara cewa, "A raka Parzida!" Makaɗa suka saɓa ganguna suka bi. Wasu suka ce sabuwar mota zai nuna musu. Alhaji ya ɗaga ƙafa, rakiya ta ɗaga ƙafa. Ya tattare shadda ya zuba da gudu, gudun da rabonsa da shi tun yana yaron mota. Sule na biye yana haki yana kirari: "Ku gani da idonku! Wanda aka yi wa aiki ne ke gudu haka! Barewa ta Tenere! Ina maƙiya?" Aka ratsa zaure, aka ratsa tsakar gida, mata na kwashe tukwane. Rawani ya kama igiyar shanya ya warware, ya bar shi nan. A ƙarshen gida, gaban wata ƴar ƙofar langa-langa, tafiyar shugaba ta ƙare. Kalma ɗaya ya yi wa al'ummarsa kafin ya shige, kuma ita ce mafi gajartar jawabinsa tun da ya hau mulki:

"Buta!"

Alkasum da kansa ya ɗauko ta, ya miƙa da hannu biyu.

An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu; ashe tozo ma haka ne. Jama'a suka tsaya cirko-cirko a gaban ƙofar, don dokar ba ta faɗi lokacin da rakiya ke ƙarewa ba. Ganguna suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Da ya fito, aka rako shi rumfa. Bai kai ga mikro ba ya juya, aka sake raka shi. A karo na gaba dattawa suka ce gwiwoyinsu ba za su iya ba. Tun da ga kowa ya hallara, ga la'asar na gabatowa, sai aka zauna aka yi abin da ya tara mutane. Hannuwa suka tashi wa Alkasum. An aika a tambayi ra'ayin shugaba mai barin gado, ya amsa daga ciki cewa a ƙaro ruwa.

Ba a wulaƙanta shi ba, mu ba ma haka. An naɗa shi shugaban girmamawa na har abada. A kowane biki yanzu ana ba shi wuri na musamman, dab da ƙofa, ana kawo masa kwanonsa daban, dafaffen karoti da ƙirjin kaza, tozo kuwa ya wuce ta gaban hancinsa zuwa wani faranti. Dokar rakiya ita aka fara sokewa. Kwalbar tana nan, in ka je zai nuna maka.

Motoci kuma suna ta zuwa Dirku suna dawowa. Lokotoron Yamai bai taɓa taka Agadas ba, bai san sandika ba, amma duk mambobinta sun shaida ƙwarewarsa. Ashe dai hanta ce ke aikin. Aka cire ƴar jakar ɗacin da ke hana mutane sakat, rauni ɗan kaɗan, jiki ya ci gaba da harkarsa kamar ba a yi ba.