Nomau da Moton Jirgin Marigayi

Mu uku ne a gidanmu na bakin tafki: ni, da mijina Isiyaku mai gyaran rediyo, da ƙaninsa Nomau. Nomau ba ya ƙarya, ba ya ƙiwuya. Matsalarsa ɗaya, abin da bakinka ya furta shi zai yi, ba ragi ba ƙari.

Da Isiyaku ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar wani ɗan jirgin ruwa da ya sassaƙa, tsawonsa kamu ɗaya, da batir da rimot da farfela. Moto kaɗai ya rage, wato ɗan injin lantarkin da zai juya farfelar. Ya sha ce mini, "Hansatu, sai kin ga jirgin nan yana yawo a tafki." Ga ni cikin takaba ba na fita, ga tafki yana janyewa tun da damina ta wuce. In ya ƙafe shi ke nan, don ina gama takaba zan koma garinmu. Dole na aiki Nomau.

Wata rana na ce masa, "Nomau, ka samo moto mai ƙarfi, wanda ya fi kowanne ƙarfi." Da la'asar sai ga shi yana turo baro, gumi sharkaf, da moton injin markaɗe a ciki. Kafin in yi magana ya ɗora shi kan jirgin a cikin bahon wanki. Jirgi ya nutse, baho ya tsage, ruwa ya bi tsakar gida.

"Matar Yaya, ina jirgin ya tafi?"

"Yana ƙarƙashin ƙarfin da ka kawo!"

Wata rana na ce, "To, ƙarami nake so, marar nauyi, wanda babu kamarsa a ƙanƙanta." Ya je wurin masu gyaran waya, ya dawo da hannu a dunƙule. Ya buɗe, sai wani abu kamar ƙwayar wake, irin wanda ke sa waya ɓari in an kira. Ya manna shi a jikin jirgin, ya haɗa batir. Jirgi ya tsaya inda yake yana ta karkarwa. Nomau ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tuɓe hularsa ya rufa masa.

"Sanyi yake ji," in ji shi.

Wata rana na ce, "Kada ka sake sayen komai sai ka gwada shi a ruwa." Ya tafi shagon Alhaji Mamuda mai kayan wuta ranar kasuwa. Alhaji ya jero masa moto iri-iri, ya tambaye shi girman jirgin da ƙarfin batirin. Nomau ya ce ba a aiko shi da wannan ba. Alhaji na juya baya, ya kwashe su yana jefawa ɗaya bayan ɗaya a randar shago, yana leƙawa.

"Kai! Me kake yi, don ubanka?"

"Gwaji, Alhaji. Kayanka ba su da kyau, ko ɗaya bai iya iyo ba."

Da takalmi ƙafa ɗaya ya iso gida.

Ran nan kam kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Ni ban san moto ba, kai ba ka sani ba. Mai jirgi ne ya sani, je ka tambaye shi!" Na shige ɗaki.

Ashe Nomau maƙabarta ya nufa. Ya tsuguna a gefen kabarin yayansa, ya yi sallama, ya yi addu'a, sannan ya ɗaga murya: "Yaya, matarka ta ce wane moto za a sa wa jirgi?" Ya kasa kunne yana jira. Ya sake tambaya. Baba Tunau, tsohon da ke gadin maƙabartar, yana gindin darbejiya yana jinsa. Ya tashi ya shiga bukkarsa, ya fito da wata matacciyar fankar hannu mai caji.

"Ɗan nan, yayanka ya roƙe ni wannan kafin ya kwanta ciwo. Ya ce moton cikinta ne daidai da batirinsa da farfelarsa. Kunya ta hana ni kawowa. Wa ke zuwa gaisuwar mutuwa da karyayyar fanka?"

Ranar da na fita takaba, ruwan tafki bai fi gwiwa ba. Nomau ya ajiye jirgin a ruwa, da moton fankar a jikinsa, ya miƙo mini rimot. Na danna. Jirgi ya yanka ruwa, ya zagaya gindin giginya, ya kori agwagi, ya dawo gabana. Na goge ido da mayafi, na ce, "Nomau, wa ya gaya maka wannan ne daidai?"

Ya dube ni kamar ni ce wawuya.

"Ba ke kika ce in tambayi Yaya ba? Na tambaye shi, ya aiko."