Yadda Za Ka Gaida Surukinka a Gidan da Aka Hana Magana

Ɗan'uwa, matso kusa. In kai ne mutumin nan da in ya zauna shan shayi a mamak, shagon da ba a taɓa ganin an rufe shi ba, sai masu shi su fara shawarar sayen kwaɗo, to wannan darasi naka ne. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan a jere, za ka fito da natsuwa, za ka san inda hankalinka yake yini, kuma in da rabo har mata za ka samu. Ba shaci-faɗi nake yi ba. An gwada hanyar a kan Muttaka, ɗan Kano mai karatun digiri na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak a Kuala Lumpur. Abin da ya yi aiki a kan Muttaka kuwa, ko aku aka ba zai yi shiru.

Mataki na ɗaya: Ka bari bakinka ya fara ja maka

Ba wanda ke neman natsuwa haka kawai, sai wuya ta yi wuya. Muttaka yana son Rumaisa, wadda ke karatu a Lembah Pantai, tana zaune a gidan baffanta Dakta Hambali, malami a jami'ar can. Mahaifinta daga Kano ya ce wuƙa da nama suna hannun ƙaninsa, in ya yarda shi ma ya yarda.

Muttaka ya sa manyan kaya ya je gaisuwa bayan la'asar. Gaisuwar ta yi kyau. Da ya tashi a nan, da tuni ana maganar lefe. Amma sai ya gyara zama, ya ba Dakta labarin sufabaizansa, da na maƙwabcinsa a Sri Petaling da matarsa ta yi yaji, ya ɗora da yi masa bayanin fannin da shi Daktan ya kwashe shekaru yana koyarwa. Kiran magariba ne ya ceci gidan.

Washegari Rumaisa ta kira shi, muryarta a sanyaye. Baffa ya ce yaron ba shi da mugun hali, amma shi ba zai ba rediyo 'ya ba, domin wanda bai iya riƙe bakinsa ba, ba zai riƙe sirrin gida ba. Abin ya yi wa Muttaka ciwo ƙwarai, don da gaske yake sonta. Ya fara yi mata doguwar hujja cewa shi ba mai surutu ba ne, har cajin wayarta ya ƙare.

Mataki na biyu: Ka nemi gidan shiru, kuma kada ka faɗa wa kowa

A bayan gari, cikin duwatsun da jirgin ƙasan cikin gari na LRT ba ya kaiwa, akwai wani gida da mutane ke zuwa su tare na 'yan kwanaki don koyon natsuwa. Dokarsa a fili take. Ba magana, ba waya, ba haɗa ido da kowa. Wanda ya buɗe baki ya ɗauki jakarsa. Muttaka ya tambaya ko za a hana shi salla, aka ce a'a, ga ɗaki nan. Sai ya ƙudurta zai je ya gama zaman kaf, ya dawo ya nuna wa Dakta Hambali cewa rediyon ma yana da makunni.

Ka tafi a ɓoye, haka masana suka ce. Muttaka ya yi ƙoƙari. Bai faɗa wa kowa ba sai 'yan zauren ɗalibai na waya, da mai shagon ƙasan beninsu, da direban tasin da ya kai shi. Abokinsa Datti da ya ji, dariya ya yi har da riƙe ciki.

"Guy, kai da shiru? Ko tapau ɗinsa aka yi maka, aka ƙulle maka shi a leda kamar abinci, kafin ka kai gida ya zube lah."

Mataki na uku: Ka zauna ka kalli numfashinka

Za a karɓe wayarka a ƙofa. Hannunka zai riƙa laluben aljihu, kada ka damu, maraici ne, zai wuce. Za a ba ka matashi ka harɗe ƙafa, a buga ƙararrawa. Abinci awara ce da safe, awara da rana, babu ko yaji.

Malamar gidan, wata 'yar tsohuwa mai magana kamar tana tsoron tayar da jariri, ita kaɗai aka yarda ta yi magana. Ta ce kowa ya bi numfashinsa, shigarsa da fitarsa. In tunani ya zo, ka ɗauke shi kamar baƙo, ka gan shi, ka bar shi ya wuce.

A nan ne ilimin malamar ya gaza, don ba ta san Bahaushe ba. Mu ba ma barin baƙo ya wuce bai sha ruwa ba. Duk tunanin da ya leƙo kan Muttaka sai ya yi masa shimfiɗa, ya tambayi mutanen gida. Tunanin tsire ya zo ya zauna, tunanin babin da bai rubuta ba ya zo da iyalinsa. Kafin a sake buga ƙararrawa, kansa ya cika kamar gidan suna.

Mataki na huɗu: Kada ka buɗe ido

Na ce kada ka buɗe. Muttaka ya buɗe.

Can gefe, a kan matashi, cikin wandon motsa jiki, babu hula, sanƙo yana ƙyalli, ga Dakta Hambali. Mutumin da Rumaisa ta ce ya tafi taron malamai a Penang. Ashe likita ne ya turo shi saboda hawan jini, shi kuma kunya ta hana shi faɗa, don a ganinsa babban mutum ba ya barin gidansa ya je koyon numfashi. Suka haɗa ido, kowa ya yi sauri ya mayar da nasa ƙasa.

To, ga lissafin da ke gabanka in ka tsinci kanka a nan. In ka gaishe shi, ka karya doka, an kore ka a gabansa, ka tabbatar masa kai rediyo ne. In ba ka gaishe shi ba, ka zama yaron da ya ga baffan yarinyar da yake nema ya wuce shi kamar turke, kuma wannan ko a Kano ko a Kuala Lumpur sunansa rashin tarbiyya. Gaba kura, baya sayaki, Rumaisa kuma a tsakiya. Ranar Muttaka ya ji numfashinsa sosai, don da ƙarfi yake fita.

Mataki na biyar: Ka bar gwiwarka ta yanke shawara

Bayan karin kumallo ana fita tafiyar natsuwa a farfajiya. Kowa yana ɗaga ƙafa a hankali, yana ajiye ta kamar ƙwai ne a ƙasa. Hanyar siririya ce, ana zuwa ana dawowa, dole a yi kiciɓis.

Da Muttaka ya hango Dakta yana tahowa, kansa bai san abin yi ba, amma gwiwarsa ta sani, don tun yana ƙarami aka hore ta. Ya zare silifas, ya durƙusa a gefen hanya, ya sunkuyar da kai, baki gum. Sai dai ka tuna irin tafiyar da ake yi. Wucewar da a titi ba ta fi ƙiftawar ido ba, a nan sai da cinyar Muttaka ta fara rawa kafin Dakta ya gama gifta shi. Da aka juyo, ya sake durƙusawa.

Kada ka ɗauka kai kaɗai ke shan wuya. Gaisuwa nauyi ce a kan wanda aka yi wa. Maƙogwaron Dakta ya motsa, amsa ta taso har baki, ya haɗiye ta. Haka ya yi ta haɗiyar "lafiya lau" safe da yamma, mutumin da aka turo don jininsa ya sauka.

Mataki na shida: Kada ka hana masu koyi

Akwai wani Bature mai ɗaurarren gemu, wanda da gani ya daɗe yana yawon gidajen shiru na duniya. Ya lura da Muttaka, ya yanke cewa wannan wani salo ne mai zurfi da bai kai gare shi ba, dattijon nan kuma babban gwani ne da ya ɓad da kama. Tambaya ba dama. Da Dakta ya zo wucewa, sai Bature ya tuɓe takalmi ya zube kusa da Muttaka.

Daga nan wasu mata ma'aikatan ofis suka bi, wani tsoho Ba'indiye mai ciwon gwiwa ya bi da ƙyar. Malamar ta duba dokarta, ba ta ga inda aka hana mutum tsugunno ba, ta ƙyale. Abin ya bar farfajiya ya shiga ɗakin cin abinci, ya kai wurin wanke kwano. Duk inda Dakta Hambali ya sa ƙafa sai ka ji ƙarar silifas ana zarewa. Muttaka ya so ya hana su, to amma da wane bakin?

Mataki na bakwai: Ka yi haƙuri, babba zai riga ka fashewa

Wata rana da hantsi Dakta ya fito daga banɗaki, hannunsa a jiƙe, ya tarar da rabin gidan a durƙushe a bakin ƙofa, Muttaka a gaba. Dattijo ya tsaya, ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Sai shirun gidan ya tsage.

"Kai Muttaka, tashi don girman Allah! Lafiya lau na kwana, lafiya lau na yini, iyali lafiya, aiki da godiya, gajiya babu! Na amsa, na amsa duka! Ka tara mini jama'a kamar mai rabon zakka!"

Bature ya lumshe ido, yana jin an ba da babban darasi. Malamar kuwa ta tako a hankali, ta raɗa wa Dakta cewa ta ba da haƙuri, amma doka doka ce, sai ya haɗa kayansa. Ta juya ga Muttaka ta ce shi yana iya zama, tunda ko tari bai yi ba.

Nan ne jarrabawar gaske. Abin da ya kawo Muttaka ke nan, ya gama zaman ya samu hujja, ga shi ya kusa. Amma ga baffan Rumaisa yana jan jaka shi kaɗai zuwa ƙofa, kansa ba hula, jama'a na kallo ta wutsiyar ido. Muttaka ya ji ba zai iya ba. Ya miƙe, ya karɓi jakar, ya bi shi a baya, ya bar hujjarsa a kan matashi.

Mataki na takwas: A cikin tasi, ka ci gaba da numfashi

Tun daga gangaren dutse Dakta ya buɗe baki, kuma bai rufe ba har cikin cunkoson gari. Ya fara da zagin awara. Ya koma kan likita. Daga nan murya ta sauka. Ya ce matarsa ta koma gida jinyar mahaifiyarta, 'ya'yansa in ya yi musu Hausa da Turanci suke amsawa, rabon da wani ya durƙusa ya gaishe shi har ya manta. Rumaisa ce kaɗai yake hira da ita da harshensa a gidan nan, in ta tafi bai san da wa zai yi ba.

Maganganu sun yi ta tasowa Muttaka. Yana da labarin wani kawunsa mai hawan jini, yana da shawara kan tafarnuwa. Kowacce ta zo sai ya ja numfashi, ya gan ta, ya bar ta ta wuce ba ruwa ba shimfiɗa. Karon farko ke nan a rayuwarsa da ya ji maganar mutum har ƙarshenta, kuma tausayin dattijon ya kama shi sosai.

A ƙofar gida Dakta ya karɓi jakarsa, ya daɗe yana kallonsa.

"Ba ka ce komai ba."

"Ina ji ne, Baffa."

"To. Ka ce wa manyanka su je su ga Yaya a Kano." Ya ɗan matso. "Amma ni Penang na je. Ka gane?"

"Na gane, Baffa. An dawo lafiya? Ya hanya?"

Mataki na tara: Ka kai natsuwar cikin rayuwarka ta kullum

Wannan shi ne mafi wuya, don a nan ba ƙararrawa ba malama. An ba Muttaka Rumaisa, an kuma ɗora masa labarin da ya fi kowane labari daɗi a tarihin 'yan Najeriya na garin nan, aka ce ya haɗiye. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, haka ne, amma cikin Muttaka bai saba da irin wannan kaya ba.

Yanzu in ka gan shi a jirgi ya rufe ido yana jan numfashi, labarin ne ya taso. In Datti ya tsare shi da tambayar me ya dawo da shi da wuri, sai ya cika baki da gurasar roti. Duk Juma'a yana zuwa Lembah Pantai ya zauna a ƙasa, Dakta yana zuba shi yana ji, har Muttaka ya fara neman gidan haya a kusa da su. Rumaisa ta ce ya rame, amma ya fi daɗin zama.

Gargaɗi

Mai wannan darasi ba shi da hannu a ciwon gwiwa, ko kora, ko duk abin da awara ta yi wa cikinka. In ka bi matakan nan surukinka ya ƙi fashewa, tsakaninka da shi ne. Kuma don Allah kada wanda ya tura rubutun nan zauren ɗalibai, domin ba a ɗaura auren ba tukuna, sai bayan jarrabawa. In ya kai Lembah Pantai, ni ban san Muttaka ba, bai same ni a bayan masallaci ba, bai sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba.