Ranar da Na Kaɗa wa Hajiyoyi Bossa Nova

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar a Paris, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar.

Ina karatu a Bron, kusa da birnin Lyon, lokacin. Kaɗaici ya jefa ni son kiɗan gitar Brazil da ake kira bossa nova, wanda ake ɗauko tsohon samba a cakuɗa da jaz, a sassauta shi har ya koma kamar raɗa. Wani dattijo ɗan Brazil ke koya mini a unguwar La Guillotière ta Lyon. Yatsuna suka yi kanta kafin in iya kiɗa ɗaya tal (ni kuwa har na fara tafiyar manyan makaɗa).

Sai Rakiya, wadda nake nema da aure, ta ce bikin yayarta ya zo.

"Inna za ta zo daga Damagaram. Ka zo da gitarka ta gan ka."

Na shiga jirgin ƙasa zuwa Paris da babbar riga da gita.

Zauren ya cika da hajiyoyi, an sha rawa, ana ta shewa. Aka kashe kiɗa, aka miƙo mini mikro. Na runtse ido na fara. Wallahi ban taɓa kaɗa shi da kyau haka ba, ko kuskure ɗaya babu. Har ƙwalla na ji. Na saki tsirkiyar ƙarshe, na buɗe ido ina jiran tafi.

Shiru. Wata na cin shinkafarta.

Innar Rakiya ta dube ni cike da tausayi ta ce, "Ɗana, kada ka ji tsoro. In ka gama gyaran wayoyin gitar, sai ka fara."

Me kuke zaton na ce? Na ce, "To, Inna." (Surukar da nake fata, ina zan iya yi mata musu?) Ba ni da wani kiɗan, sai na sake kaɗa wannan ɗin. Ban kai rabi ba ta juya ta ce, "Rakiya, abin nasa ya lalace ne? A taimake shi mana."

Aka saki kiɗan rawa, zaure ya tashi da guɗa. Rakiya ta tusa fuskarta cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. Na so in yarda kuka take yi.

Har na iso Lyon ban ɗaga kai ba. An yi bikin Rakiya bara, ba da ni ba.

In za ka yi wa surukai kiɗa, ka tabbatar sun san ka fara.