Dutsen Fatsuma Ya Kama Aikin Gwamnati

Jama'a, ku taya ni murna, wani daga gidana ya samu aikin gwamnati. Ba ƙanena ba ne, dutse ne.

Da aka dawo da ofishinmu Abuja, an rantse mana cewa gidajen ma'aikata sun kusa. Na ji kuɗin hayar birnin, na ce wannan ba da irina ake ba, na kwaso iyali daga Zariya muka sauka a Suleja, unguwar Wambai, inda haya ke da ɗan tausayi. Matata Fatsuma ta bar gadonta, ta bar randarta. Abu ɗaya ta kafe sai an taho da shi: dutsen niƙan marigayiya mahaifiyarta, uwar da ɗan. Tana ji da shi fiye da yadda take ji da ni, kuma ban ga laifinta ba, shi bai taɓa yi mata alkawarin gida a Abuja ba.

To, mu masu bin motar ma'aikata muna da tsarinmu. Tunda mai ya zama sai wane da wane, motar ɗaya ce tal, wanda ya rasa ta kuwa ya shiga uku. Don haka bayan sallar asuba kowa zai je tasha ya ajiye dutse a layi, ya koma ya yi wanka ya sha koko, dutsen na tsare masa wuri. Matsalar ita ce duwatsu sun yi kama da juna. Ranar Litinin saura kaɗan mu dambace da maƙwabcina Gidiyon, kowa na rantsuwa nasa ne a gaba.

Sai wayo ya zo mini. Washegari na lallaɓa na ɗauki ɗan dutsen Fatsuma, sumul, baƙi wuluk, ba mai musu da shi. Niyyata in na shiga mota matar Gidiyon, mai ƙosai a tashar, ta dawo da shi kafin a ɗora girki.

Na dawo tasha fes da ni, na tarar babu layi, babu dutse ko ɗaya, sai magidanta suna ta kewaye fili kamar kajin da aka ɗauke wa akurki. Gidiyon ya ce ai Mai Girma Uban Alkawura ne zai wuce ya aza harsashin gidajen ma'aikata, harsashin nan dai da aka aza bara da bara waccan. Masu shirin tarba sun zo da tifa, sun kwashe duwatsunmu, sun shafe su da farar ƙasa sun jera a bakin titi. Madalla da wannan hangen nesa! Ba a gyara ramukan titin ba, amma an yi musu ado.

Na bar motar ta tafi, na bi titi a sunkuye ina shafa duwatsu har kusa da Maje, can na gane shi da santsinsa. Ina kai hannu, wani mai kulki ya daka mini tsawa wai kayan gwamnati ne. Na yi magiya, na ba shi tarihin surukata, ya ce in matsa. Ina tsaye jerin motocin suka wuce fuu, gilashi a rufe, man da suka ƙona zai kai mu ofis har ƙarshen shekara. Ko kallon duwatsun ba a yi ba.

Na koma gida na faɗi gaskiya. Fatsuma ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta yafa gyale ta ce in wuce gaba. Da muka isa, ta dubi mai kulkin ta ce, “Ɗan'uwa, gwamnati ta ce za ta ba mu gida, ba mu gani ba. Dutsen uwata kuma ba za ta haɗa da shi ba.”

Ta sunkuya ta ɗauka. Mutumin ya juya ya kama kallon wani mangwaro.

Ta wanke shi, ta sake wankewa, amma miyar ranar sai da ta yi ɗan gardin farar ƙasa. Na sa yara suka suɗe kwano tas. Tun da na fara aiki, ranar ce ta farko da wani abu na gwamnati ya shiga cikin iyalina.